Sati Bakwai da Na Kulle wa Baba Littattafansa

Ni na sayo kwaɗon, ni na kulle ƙofar, ni kuma na riƙe makullin a jakata sati bakwai cur. Da wannan zan fara, don kada a ƙarshe a ce na laɓe a bayan Goggo ko a bayan layin asibiti. Labarin jinyar idon mahaifina ne, kuma ina rubuta shi saboda masu tsoho a gida, musamman tsohon da ke son karatu. Abin da ya same mu ina roƙon Allah kada ya sami kowa.

Mahaifina Malam Jibrin tsohon malamin makaranta ne, tarihi ya koyar har ya yi ritaya. Tun rasuwar mahaifiyarmu ni nake kula da shi, don gidan mijina da nasa duk a unguwar Fadaman Mada suke a garin Bauchi, tafiyar minti biyar ce a ƙafa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Kuma tun ina ƙarama bai taɓa yi mini musu ba, ko da kuwa ni ce ba ni da gaskiya. 'Yan'uwana sun ce wannan ne ya sa na tashi da kafiya da saurin baki, ni kuma ban isa in ƙaryata su ba.

A gidan akwai wani ɗaki kusa da zaure, cike da littattafai daga ƙasa har rufi. Babu labarin soyayya ko na ƙirƙira a ciki. Duk tarihin rayuwar mutane ne, wasu su suka rubuta da hannunsu, wasu kuma bayan sun mutu aka rubuta a kansu. Baba yana da tsarinsa da ba ya saɓawa. Ba ya ba kowa littafi sai ya karanta shi sau biyu. Karatun farko, in ji shi, labarin ne ke jan mutum, a na biyu ne ake gane ko marubucin mai gaskiya ne. In ya gama na biyun sai ya ɗauki jan biro ya rubuta a cikin bango wanda littafin ya dace da shi. Ba suna yake rubutawa ba, hali yake rubutawa.

Akwai na wani direban jirgin ƙasa da aka sallama yana da 'ya'ya tara, a bangonsa Baba ya rubuta: “Ga wanda aka raba da aikinsa.” Akwai tarihin wani alƙali da ɗansa ya rubuta, har da shari'ar da uban ya yi kuskure a cikinta: “Ga wanda aka ba muƙami, ya karanta kafin ya zauna a kujerar.” Akwai na wani soja da ya dawo daga yaƙi ya koma noma, ya shekara goma bai iya barci sosai ba: “Ga wanda ya ga abin da ba ya iya faɗa wa iyalinsa.” Mutum zai zo zaure a gaisa, Baba ya saurare shi, ya tashi ya shiga ɗakin, ya fito da littafi guda. Sati biyu ake ba kowa, ko kai waye. Ba zan kawo sunayen littattafan a nan ba, don shi ma ba ya faɗin suna sai ya ga mutum ya ji damuwarsa.

Abin da zan iya faɗa shi ne yadda yake zaɓe, don na ji shi ya fi sau ɗari. Wanda ya rubuta tarihin kansa, in ka ci shafi hamsin bai amsa laifi ko ɗaya ba, rufe littafin, talla yake yi. Wanda aka rubuta a kan wani, duba ko marubucin ya zauna da matar mutumin, da direbansa, da wanda suka yi faɗa da shi. Irin waɗanda ake bugawa don a tara manya a yi ƙaddamarwa kuwa, in an kawo masa kyauta sai ya yi godiya, ya sa su a ƙarƙashin ƙafar kantar littattafai don ta daina rawa.

Ciwon ya daɗe yana nuna kansa, mu ne muka yi masa wata fassara. Baba ya fara buge kafaɗa a bakin ƙofa, muka ce tsufa. Ya riƙa ture kofin shayi in an ajiye a gefensa, muka ce hankalinsa na kan littafi. Sannan ranar wata Laraba ya wuce yayarsa, Goggo Hansatu, a kasuwar Wunti bai gaishe ta ba. Goggo ta hau keke mai ƙafa uku daga cikin gari ta zo gidana tana huci.

“Jibrin ne zai wuce ni kamar ya ga kututture? Ni da na goye shi?”

Baba ya rantse bai gan ta ba. Goggo ta ce ai gefen rigarsa har ya taɓa mayafinta. Wata uku dangi suka yi suna zirga-zirgar sulhu, ana ta maganar zumunci da girman na gaba. A cikinmu babu wanda ya ce a duba idon mutumin nan. Gaskiya ya faɗa, bai gan ta ba, don ganinsa na gefe ya riga ya tafi.

Satin farko na jinya ya fara ne ranar da keke ya goge shi a bakin titinmu. Bai ji ciwo sosai ba, ƙujewa ce a gwiwar hannu. Madam Ngozi mai kemis ɗin bakin titi ce ta wanke masa ta sa magani. Sun saba da Baba, don lokacin da shagonta ya ƙone ya taɓa ba ta tarihin wata 'yar kasuwa da ta karye sau uku tana tashi. Madam Ngozi ta ja ni gefe ta ce, “Keken nan a gabana ya zo, a hankali ya zo. Baba bai gan shi ba sam. Ki kai shi asibitin ido, kada ki ce sai gobe.”

Washegari muna idar da sallar asuba muka tafi, muka tarar da mutane sun riga mu cika benci. Layin kati daban, layin gwaji daban, layin ganin likita daban. Wata tsohuwa daga Zungur ta ce mini wannan ne zuwanta na uku ba ta ga likita ba. Mu Allah ya taimake mu, bayan azahar aka kira lambarmu. Aka sa Baba ya dafa haɓa a kan wata na'ura, aka ba shi abin dannawa, aka ce duk sanda ya ga ɗigon haske ya danna. Ina tsaye a bayansa ina ganin hasken yana ta walƙiya ta gefe, hannun Baba ko motsi.

Likitar mace ce, ba ta da yawan shekaru, tana da natsuwa. Ta ce sunan ciwon gilakoma, wato abin da mutane ke kira hawan jinin ido. Ruwan cikin ido ne ke taruwa ya danne jijiyar gani, ya riƙa cin ganin daga gefe yana matsowa tsakiya, ba zafi ba komai. Idon dama ya kusa ƙarewa. Na hagu saura kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta bututu. Sannan ta faɗi maganar da har yau take kunnena: “Abin da ya tafi ba ya dawowa. Abin da ya rage muke gadi.” Ta rubuta maganin ɗigawa, safe da yamma, ta ce in hawan bai sauka ba sai an yi aiki.

Na tambaye ta abinci, na tambaye ta rana, na tambaye ta ko zai iya sujada. Karatu ne kawai ban tambaya ba. Tambayar ba ta fi numfashi ɗaya ba, amma ban yi ta ba.

Kafin satin ya ƙare gida ya cika da masu dubiya. Goggo ta zo, fushin Wunti ya koma kuka. Da ta share hawaye sai ta nuna ɗakin littattafan da sandarta.

“Ga abin da ya cinye masa ido nan. Shekara nawa yana ƙura wa ƙananan baƙaƙe ido? Ido ai nama ne, yana gajiya.”

Kowa a ɗakin ya gyaɗa kai. Ƙanena Auwal da ke aiki a Kano ya bugo waya ya ce shi ma haka ya gani. Ni kuma maganar likita ce ke yawo a kaina, abin da ya rage muke gadi. To mai gadi ai kulle ƙofa yake yi. Na je na sayo kwaɗo mai nauyi, na sa aka buga masa ƙarfe a ƙofar.

Baba yana zaune a zaure a kan tabarma yana jin bugun guduma, da littafi ɗaya a kan cinyarsa, mai koren bango. Na zo na miƙa hannu.

“Har da wannan, Uwata?”

“Har da shi, Baba.”

“Sau ɗaya na karanta shi. Ban rubuta masa komai ba tukuna.”

“In ka warke ka rubuta.”

Ya shafa bangon, sannan ya miƙo mini da hannu biyu. Da wani ne cikin 'ya'yansa ya yi masa haka, na san da ya ji faɗa. Amma mai sunan uwarsa ce ta miƙa hannu.

Sati na biyu da na uku suka tafi a kan magani. Kwalbar ba ta kai babban yatsa ba, amma tsadarta sai da ta sa muka taɓa cefanen gida, ga shi ba kowane kemis ke da ita ba. Madam Ngozi ce ta riƙa sa a kawo mana daga Jos. Maganin yana da zafi, in na ɗiga sai hawaye su zubo masa, ya ce ɗacinsa har maƙogwaro. Shawarwari kuwa sai ka ce ruwan sama. Wani baffanmu ya ce akwai mai cire yanar ido da allura a wani ƙauye bayan Zungur, a take ake gani. Wata maƙwabciya ta ce a ɗiga nonon mai shayarwa. Goggo ta aiko da wani tozali a ƙunshe a takarda. Duk na ƙi, na ce ba abin da zai shiga idon Baba sai abin da likita ta rubuta. Wallahi a lokacin ji nake babu mai jinya irina a duk garin Bauchi.

Muka koma asibiti a sati na uku. Likitarmu tana ɗakin tiyata, wani ne ya duba shi, a gaggauce, da mutane a ƙofa suna leƙe. Ya ce hawan idon bai sauka yadda ake so ba, ya ƙara wani maganin, ya sa mu a layin masu jiran aiki. Duka zamanmu a gabansa bai kai minti biyar ba. Ba na ganin laifinsa, mutum ɗaya ne ga benci uku, amma a irin wannan gaggawar ba ka ma tuna abin da ya kamata ka tambaya.

A wannan tsakanin masu aro suna ta zuwa ina mayar da su. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Malam Iliya tela, maƙwabcinmu, da matarsa ta rasu ta bar masa yara huɗu. Ya zo ya zauna da Baba har la'asar. Ina tsakar gida na ji Baba ya kira ni.

“Uwata, a kanta ta uku daga sama akwai wani mai ruwan ƙasa, na wani manomi da ya reni 'ya'yansa shi kaɗai. Ki ɗauko wa Iliya. Ba ni zan karanta ba.”

Na ce, “Baba, in na buɗe yau gobe ma za a buɗe.”

Malam Iliya ya tashi yana cewa ba komai, ba komai. Baba ya raka shi bakin ƙofa yana ba shi labarin manomin da baki, yana dafa bango.

A sati na huɗu na kama shi yana karanta takardar da ke cikin kwalin maganin, ya kai ta dab da hanci. Na karɓe. Bayan kwana biyu na same shi da gwangwanin madara yana juya shi a hankali. Na ɗauke shi ma. Kalandar da ke bangon ɗakinsa na sauke. Abinci ya fara raguwa a kwano, hira ta ragu, rediyon da na sayo masa sai ya kunna ya bar shi yana ta surutu shi kaɗai. Na ce wa Auwal maganin ne ke kashe masa jiki.

Sati na biyar, bayan na ɗiga masa na safe, ya riƙe hannuna.

“Uwata, hazo nake gani yana shigowa tsakiya. Ki ba ni koren nan kwana uku kawai. In gama shi in rubuta masa abin da ya dace, shi ke nan ki mayar.”

Maimakon in saurara sai na ƙara ƙeƙashe ƙasa. Na ce hazon ma ai dalili ne na ƙara kiyayewa, kwana ukun nan su za su ƙarasa abin da ya rage. Ya saki hannuna ya ce, “To, yadda kika ce.”

Da yamma na je karɓar magani na ba Madam Ngozi labari, ina jiran ta yaba mini. Sai ta ɓata fuska.

“Likita ne ya ce a hana?”

“Sai likita ta ce? Ai hankali ma ya ba mutum.”

“Ni shekara ashirin ina sayar da wannan magani, ban taɓa jin karatu yana kawo shi ba. Ki tambaya dai.”

Na ce mata, “Madam, ki sayar da maganinki, ki bar mini ubana.” Haka na faɗa wa matar da ke aika har Jos saboda mu. Daga baya na je na ba ta haƙuri, ta ce ta manta, amma ni ban manta ba.

Sai a sati na bakwai muka sake samun likitarmu ta farko. Ta gwada, ta daɗe tana duba na hagun, ta ce dole a matso da aikin, ciwon ya fi ƙarfin magani. Ni kuma don in nuna mata ba mu yi sakaci ba sai na ce, “Likita, mu dai muna iyakar ƙoƙarinmu. Ba ma tsallake magani, karatu ma mun hana shi gaba ɗaya, sati bakwai ke nan ko takarda ba ma bari ya taɓa.”

Ta ajiye biron da ke hannunta.

“Wa ya ce ku hana shi?”

Na ce, “Ai don kada idon ya gaji.”

“Hajiya, karatu ba ya kawo ciwon nan, ba ya kuma ƙara shi. Ko ya karanta ko bai karanta ba, abin da zai tafi zai tafi. Ai da kun bar shi ya mori ganinsa tun yana nan.” Ta juya ga Baba. “Baba, yanzu in an ba ka littafi kana iya gani?”

Baba ya ce, “Ban sani ba, 'yata. Ban gwada ba.”

Yadda muka fito daga asibitin nan ban sani ba. A cikin keke ina ta lalube jaka, makullin yana hannuna tun kafin mu kai rabin hanya. Muna sauka na buɗe ɗakin, ƙura ta kwanta a kan komai, na ɗauko koren na sa masa a hannu. Ya buɗe. Ya kai shi kusa da fuska, ya janye, ya karkata kai. Ya tashi ya fita tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi, ya rufe idon dama da tafin hannu, ya sake gwadawa. Ina tsaye ina kallonsa kamar minti goma. Sannan ya rufe littafin a hankali.

“Baƙaƙen sun narke,” ya ce. “Ba ni ruwa in sha, Uwata.”

Ita ke nan maganar da ya yi a kai. Da ya zage ni, da ya ɗaga murya ko sau ɗaya, da na fi samun sauƙi. Na shiga kicin na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar mahaifiyarmu.

An yi aikin a sati na tara. Auwal ya zo daga Kano, muka haɗa ƙarfi, mijina ya sayar da ragon da yake kiwo. Ina gode wa likitar nan da ta matso da ranar, da wata nas da ta riƙa kiran Baba “Malam” tana riƙe hannunsa har ƙofar ɗakin tiyata. Aikin ya yi kyau, hawan ya sauka, ya tsaya. Baba yana ganin haske da duhu, yana gane bakin ƙofa, yana gane mutum ne a gabansa in ya motsa. Rubutu dai ya tafi. Ƙorafina ɗaya ne a kan asibitin: a bangon da muka yi sati-sati muna kallo a layi, da an liƙa takarda guda mai cewa karatu ba ya ƙara wannan ciwo, da ni mai karanta komai na gani. Amma wannan ba ya wanke ni, bakina yana nan ban tambaya ba.

Goggo ta zo da fura bayan an sallame mu. Na gaya mata abin da likita ta ce. Ta juya ga Baba ta fara, “Jibrin, ni ce na...” Baba ya tare ta.

“Yaya, yanzu dai in na wuce ki a Wunti kin san dalili.”

Ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi. Su sun wuce wurin a ranar. Ni ce na kasa wucewa. Na koma ina zuwa gidan kamar ma'aikaciya, in ɗiga magani, in ajiye abinci, in gudu. Zaure ma ba na son bi, don kada in ga ƙarfen kwaɗon a jikin ƙofa. Kusan wata guda ina haka.

Ga masu karanta wannan, ga abin da na koya da tsada. In tsohonku ya fara buge ƙofa, ko ture kofi, ko wuce mutane ba gaisuwa, kada ku tara dangi don sulhu, ku kai shi a gwada idonsa. Likita ta ce ciwon yana bin jini, saboda haka ni da Auwal da Goggo duk mun je an gwada mu, an kuwa samu ya fara taɓa Goggo, tana kan magani yanzu. Kuma duk abin da za ku hana majinyaci, komai ƙanƙantarsa, ku tambayi likita tukuna. Ni tozali na hana, allura na hana, na ɗauka na fi kowa wayewa, ashe tawa shawarar gargajiyar tana cikin jakata.

Wata ranar Asabar na ɗiga masa na yamma zan fita, sai ya ce, “Uwata, zauna. Koren nan yana ƙarƙashin matashina. Karatu na biyu bai yiwu da idona ba, sai a yi shi da naki.”

Kwana goma sha ɗaya muka yi, kullum bayan la'asar. Tarihin wata ungozoma ne da ta rubuta da kanta bayan ta tsufa. An haife ta a ƙauye, ta yi karatu da ƙyar, aka tura ta wani ƙaramin asibiti da babu likita. Matar akwai ban dariya, har gulmar shugabanninta ta yi. Baba yana jingine da bango ido a rufe, wani lokaci ya ce in maimaita wani layi. A kwana na huɗu muka kai wani babi. A shekararta ta biyu da fara aiki aka kawo mata wata mai naƙuda da damina, haihuwa ta zo da gardama. Hanyar gari ta lalace, ita kuma ta ga in aka ɗora matar a mota girgizar za ta kashe ta. Mijin ya roƙe ta sau biyu a tafi, ta ƙi, ta ce ta fi shi sani. Matar ta rasu a hannunta. Bayan sati guda likitan gari ya gaya mata da an kawo ta, da an ceto ta. Ungozomar ta rubuta komai, ba ta ɗora wa damina ba, ba ta ɗora wa hanya ba.

Na tsaya a nan. Na rufe littafin na ce, “Baba, ka yafe mini.”

“Buɗe ki ci gaba,” ya ce. “Shafi na nawa muke?”

“Saba'in da uku.”

“To saura fiye da ɗari biyu. Matar nan ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa bayan wannan ranar. Ba a tsayawa a saba'in da uku.”

Na buɗe na ci gaba, ina karatu ina jan hanci. Ranar da muka kai shafin ƙarshe na rufe littafin na ajiye a gabansa. Sai ya ce, “Mai gaskiya ce. Ɗauko jan biro a aljihun rigata.” Na ɗauko, na buɗe cikin bangon da ke fari fat.

“Rubuta: Ga wanda ya yi ɓarna yana neman gyara, ya kuma kasa yafe wa kansa.”

Na rubuta, layin ya karkace. Na miƙa masa kafin in mayar kanta, sai ya turo mini shi.

“Tafi da shi gida, Uwata. Sati biyu, kamar kowa.”

Yanzu ɗakin a buɗe yake, na sa an cire ƙarfen. Masu aro sun dawo, Baba ya saurare su, ya faɗa mini kanta da launin bango, ni in shiga in ɗauko. Malam Iliya ne na farko da na kai wa nasa har shago. Koren kuwa ranar da ya cika sati biyu na mayar da shi, na durƙusa na sa masa a hannu. Ya shafa bangon ya ce, “Ya yi miki aiki?”

Na ce, “Da saura, Baba.”

Ya miƙo mini shi da hannu biyu.

“To a ƙara miki sati biyu.”